Nuhu Ko Noah? Sunan Da Ya Haɗa Iyaye Da 'Ya'ya Gardama A Edmonton

Wata ranar Asabar cikin sanyin hunturu muka taru a wani gida da ke bayan titin Fore Street, a nan unguwar Edmonton ta arewacin Landan, domin sunan ɗan wani abokinmu. Ga masu karatu na gida, ba Edmonton ta ƙasar Kanada muke nufi ba, waccan ma daga wannan tamu ta samo suna. An yi komai yadda aka saba gwargwadon abin da ƙasar nan ta bari. Rago an aika kuɗinsa Kano an yanka a can, goro da dabino an zagaya da su a faranti, Malam ya yi addu'a ya sanar da cewa an samu Nuhu, kowa ya shafa aka ce Allah Ya raya.

Rigima ba ta tashi ba sai bayan an ci abinci, da kakan yaron ya tambayi ɗansa ko an je an yi wa jaririn rajista. Abokin namu ya ɗan sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ranar Talata za mu je, amma Noah za mu rubuta a takarda." Alhaji ya ajiye kofin shayinsa ya dube shi ya ce, "Wane ne kuma Noah? Na ba ka sunan mahaifina ka sa wa ɗanka, kai kuma za ka je ka rubuta sunan 'yan coci?" Wani kawun mai jego ya ƙara da cewa shi abin da ya ji ma sunan Yahudawa ne. Daga nan falo ya rabu biyu, manya a gefe, mu matasa a gefe, har aka watse ba a cim ma matsaya ba.

Ba a yi wata biyu ba sai ga wata 'yar uwa cikin ƙungiyarmu ta matasa ta haifi mace, ita da mijinta suka ce suna son su sa mata Noa, domin a fahimtarsu shi ne macen Nuhu, kamar yadda ake da Aminu da Amina ko Jamilu da Jamila. Ganin magana ta maimaitu ne ya sa muka ce bari mu bi diddigin wannan suna mu kawo wa masu karatu abin da muka samo, musamman 'yan uwanmu da suka daɗe a Sabon Ibadan da Agege da zangon Kumasi da Nima ta Akara da Sudan, waɗanda suka riga mu sanin yadda suna ke sauya riga idan ya yi nisa da gida.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, wannan rubutu guda na Turanci sunaye biyu ya haɗiye, ɗaya na namiji ɗaya na mace, kuma dukkansu daga Ibrananci suka fito, wato harshen Bani Isra'ila wanda aka rubuta Attaura da shi. A can harshen nasu ba a rikita su, domin haruffansu daban ne. Na namijin yana ƙarewa da harafin da ya yi daidai da ha ƙarami a karatun allo, wanda ake fitarwa daga maƙogwaro. Na macen kuwa yana ɗauke da ɗan'uwan an baki wofi a tsakiyarsa, ana furta shi kamar No'a. To, Bature ba shi da ko ɗaya daga cikin haruffan nan biyu, saboda haka masu fassara Baibul zuwa Turanci, har da fassarar nan ta zamanin Sarki James ta shekarar 1611, suka rubuta su iri ɗaya. Tushen ruɗanin ke nan, kuma dalilin da ya sa za ka ga littattafan sunayen jarirai suna cewa sunan na maza da mata ne.

Na namijin shi ne dai Annabi Nuhu, alaihis salam, mai jirgi, babu wani daban. Masana Ibrananci sun ce tushen kalmar yana nufin hutu ko natsuwa. A littafin Farawa, sura ta 5, an ambata cewa mahaifinsa Lamek ne ya raɗa masa sunan da fatan yaron zai zame musu sanyi daga wahalar noma. Malaman nahawun Larabci su ma sun yarda cewa Nuhu suna ne ba'ajame, wato ba daga Larabci ya fito ba, kamar Ibrahim da Yusuf da Luɗu. Akwai wasu malaman da suka danganta shi da kalmar Larabci mai nufin kuka, suka ce saboda yawan kukansa ga jama'arsa ne, amma wannan bayani ne da ya zo daga baya. A Alƙur'ani an ambace shi sau 43, yana da sura guda mai sunansa, ita ce ta 71 mai ayoyi 28, kuma duk ɗan Islamiyya ya san shekaru 950 ɗin da ya yi yana kiran mutanensa.

Akwai wani abu da ya ba mu dariya da muka lura da shi. Bature idan zai faɗi Noah ba ya furta harafin ƙarshe, Nowa kawai yake cewa. Bahaushe kuwa ya riƙe harafin ya ƙara masa wasali, ya ce Nuhu. Ashe ta wannan fuska tsohuwar da ke ƙauyen Ɗanja ta fi farfesan Oxford kusa da yadda masu sunan ke faɗarsa.

Ita kuwa Noa ba ta haɗa komai da jirgi ko ruwan Ɗufana ba. Labarinta yana cikin littafin Ƙidaya, sura ta 27. Wani mutum ne mai suna Zelofehad daga zuriyar Manassa ɗan Annabi Yusuf ya rasu a lokacin da Bani Isra'ila ke yawo cikin hamada, bai bar ɗa namiji ba sai 'ya'ya mata biyar, Noa na cikinsu. A wancan lokacin maza kaɗai ake ba rabon ƙasa, ke nan sunan mahaifinsu zai ɓace. Sai 'yan matan nan suka tashi suka je gaban Annabi Musa da shugabannin jama'a suka ce a ba su gādon ubansu. Littafin ya ce an ba su gaskiya, aka kuma kafa doka cewa wanda ya mutu ba ɗa namiji 'yarsa ce za ta gaje shi, daga baya aka ƙara sharaɗin su yi aure cikin ƙabilarsu don kada ƙasar ta koma hannun wasu. Ma'anar sunan nata, inji mafi yawan masana, tana komawa ne ga motsi. Mai karatu ya duba: na namijin hutu, na macen motsi, kusan kishiyoyin juna, amma alƙalamin Bature ya mai da su tagwaye.

Da muka kai wa 'yar uwar tamu wannan bayani sai ta yi shiru, domin ita son Annabi Nuhu ne ya kai ta ga sunan. Mijinta kuwa labarin 'yan matan ne ya burge shi, ya ce ai mace mai neman haƙƙinta a gaban shugabanni ba abin ƙi ba ce. Ba mu ce masa ya yi kuskure ba. Abin da muka ce shi ne su san abin da suke zaɓa, kada yarinya ta girma tana gaya wa mutane ita takwarar Annabi Nuhu ce alhali ba haka ba ne.

A Isra'ila Noa ya yi shekaru da dama yana kan gaba cikin sunayen 'ya'ya mata tun daga farkon ƙarnin nan, kuma mawaƙiyar da ta wakilce su ta zo ta uku a gasar waƙa ta Eurovision da aka yi a Liverpool a 2023 sunanta Noa Kirel. A Sifen ma mata da yawa na ɗauke da shi. Wannan ne ya sa kawun da ya ce sunan Yahudawa ne bai yi ƙarya ba, kuma mun fahimci zafin da ke ran mutanenmu tun da aka fara yaƙin Gaza a 2023. Sai dai idan za a bi wannan ma'auni a kori duk sunan da Bayahude ke amfani da shi, to ina za mu kai Musa da Haruna da Dauda da Sulaimanu da Yakubu da Zakari? Ina za mu kai Maryamu da Saratu da Hannatu da Rahila? Shi kansa kawun da ya yi maganar sunan ɗaya daga cikin annabawan Bani Isra'ila yake amsawa, mun dai yi kawaici ba mu tuna masa ba a gaban jama'a.

Yanzu bari mu zo ga farin jinin sunan, domin shi ne ya ja hankalin matasanmu. Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa a nan Birtaniya yakan fitar da jerin sunayen jariran Ingila da Wales duk shekara. Sunan Oliver ya yi shekara takwas a jere yana na ɗaya a ɓangaren maza, sai a 2021 Noah ya ture shi, ya kuma sake zama na ɗaya a 2022. A 2023 sai Muhammad ya hau sama da jarirai 4,661, Noah ya koma na biyu da 4,382, kuma a 2024 ma haka suka jeru, Muhammad sannan Noah. A lura ofishin yana ƙirga kowane salon rubutu daban, wato Mohammed da Mohammad ba a haɗa su cikin wancan adadi ba. Jaridun ƙasar nan sun yi ta surutu a kan na ɗayan, wasu har da tsoratar da mutane, amma ba mu ga wanda ya damu ya faɗa cewa a wurin Musulmi na ɗaya da na biyun duk sunayen manzanni ne, kuma dukkansu suna cikin Ulul Azmi biyar.

A Amurka ma Noah ya riƙe matsayi na ɗaya daga 2013 zuwa 2016 kafin Liam ya karɓa, haka kuma ya sha zama na ɗaya a Holand da Jamus a 'yan shekarun nan. Yawancin Turawan da ke sa shi ba don addini suke yi ba, da yawansu ko coci ba sa zuwa. Gajere ne, yana da laushi a baki, kuma sun saba jin sa a talabijin, daga ɗan wasan kwaikwayo Noah Wyle zuwa ɗan tseren nan Noah Lyles da ya ci zinare a gudun mita 100 a gasar Olamfik ta Paris a 2024. Fim ɗin da Russell Crowe ya fito a matsayin Annabin a 2014, wanda Katar da Bahrain da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka hana nunawa, ya tarar da sunan ya riga ya yi nisa.

To, mu fa me ya kai mu? A nan ne ya kamata iyayenmu su saurare mu da kunnen basira, domin abokin namu ba don yayi kawai ya yi tunanin Noah ba. Mu da muka yi makaranta a nan mun san abin da ake nufi da ranar farko a aji, malama ta zo kan sunanka a rajista ta tsaya, ta yamutsa fuska, ta karanta shi yadda ta ga dama, yara su fashe da dariya, daga ranar kuma abin da za a riƙa kiranka ke nan har ka gama. Akwai ɗaya daga cikinmu mai suna irin wannan da ya shekara biyar a sakandare ana kiransa da wani abu mai kama da kukan mujiya. Wannan ma mai sauƙi ne idan aka kwatanta da neman aiki. A 2017 gidan BBC ya gwada aika takardun neman aiki iri ɗaya zuwa wurare 100 da sunaye biyu, Adam da Mohamed. Aka kira Adam ganawa sau 12, Mohamed sau 4. A 2019 masu bincike a kwalejin Nuffield ta jami'ar Oxford, bayan sun aika takardu fiye da 3,000, sun gano cewa ɗan asalin Nijeriya sai ya ƙara kashi 80 cikin 100 a kan yawan takardun da farar fata ɗan Birtaniya ya aika kafin ya samu amsa daidai da tasa. Uban da ya san wannan, ya kuma ga ga wani suna da Annabi ne a masallaci, kuma na gida ne a ofishin Bature, ai ba a ce masa ya bar addini ba. Tausayin ɗansa yake ji.

Amma kuma akwai abin da maƙwabtanmu suka koya mana. Edmonton cike take da Turkawa da Kurdawa da 'yan Somaliya, duk wanda ya ratsa kasuwar Edmonton Green ya san haka. Baturke Nuh yake rubutawa, ɗan Somaliya Nuux, kuma ba mu ga sun ji kunyar hakan ba. Cikin watan Muharram matan Turkawa kan dafa wani abin zaƙi da suke kira ashure, alkama da wake iri-iri da busassun 'ya'yan itace da sukari, a yaryaɗa rumman a sama, a bi maƙwabta da shi kwano-kwano. Idan ka tambaye su sai su ce abincin Annabi Nuhu ne, wai da jirgi ya tsaya sai aka tattara ɗan abin da ya rage aka dafa a tukunya ɗaya. Ranar da wata tsohuwa maƙwabciya ta kawo wa gidan su ɗaya daga cikinmu, Hajiyarsa ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah, ai wannan shi ne cika-cikinmu!" Domin labarin da kakanninmu ke bayarwa ke nan game da daren cika-ciki, lokacin da ake fito da wutsiyar ragon layya a dafa kowa ya ci ya ƙoshi. Dutsen Judi da Alƙur'ani ya ce jirgin ya sauka a kai yana kudu maso gabashin Turkiyya, kusa da garin Cizre inda har yau ake nuna wani kabari da ake dangantawa da Annabin. Mutanen da suka fito daga gindin dutsen ba su sauya rubutun sunansu don Landan ba.

Mu ma sunan ba baƙo ba ne a wurinmu, kuma ba na ƙananan mutane ba ne. Akwai marigayi Nuhu Bamalli, Magajin Garin Zazzau, minista a Jamhuriya ta Farko kuma marubucin littafin Bala Da Babiya, wanda kwalejin kimiyya da fasaha ta Zariya ke ɗauke da sunansa, ɗansa Ahmed Nuhu Bamalli kuma ya zama Sarkin Zazzau a 2020. Akwai Nuhu Ribadu da ya fara shugabantar hukumar EFCC a 2003. Akwai Ali Nuhu da ko yaran da aka haifa a nan sun san fuskarsa. A Gana akwai Shehu Usman Nuhu Sharubutu da ya zama babban limamin ƙasa a 1993. 'Yan uwanmu na Nijar kuwa Nouhou suke rubutawa saboda Faransanci, amma bakinsu Nuhu yake faɗa. Wani abin da Alhaji bai sani ba, ko ya manta, shi ne Hausawa Kirista ma Nuhu suke cewa, haka yake a Littafi Mai Tsarki na Hausa. Ke nan bambancin Nuhu da Noah na harshe ne, addini bai shigo ciki ba.

Mun kai maganar gaban malamin da ke karantar da mu ranar Lahadi. Ya ce sa sunayen annabawa abu ne mai kyau, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da kansa ya sa wa ɗansa Ibrahim, kuma duk sunan da ma'anarsa ba ta da aibu babu laifi a sa shi ko da wane harshe ne. Ya ce haƙƙin zaɓen suna na uban yaro ne, amma wanda ya ɓata ran mahaifinsa a kan haruffa huɗu ya yi ciniki marar riba.

Mu dai ra'ayinmu a ƙungiyance, Nuhu muka fi so a gani a takarda. Dalilinmu shi ne yaran da ake haifa a nan yanzu jikoki ne, wasu ma tattaɓa-kunne, Hausarsu ba ta wuce "ina kwana" da sunayen abinci ba, kuma suna na cikin 'yan abubuwan da suka rage da za su sa wani ya tambaye su daga ina suke. Yaro mai suna Noah zai tarar da takwarori biyu ko uku a makarantarsa, babu mai tambayarsa komai. Game da neman aiki kuwa, gaskiyar magana ita ce sunan mahaifi yana nan a gefe, mai son ya ware ka zai gane ka ko da ka ɓoye na farkon. Amma muna roƙon iyayenmu su daina jifan 'ya'yansu da kalmar 'yan coci a kan wannan, domin ba daidai ba ce, kuma ita ke sa matasa su daina shawara da manya su je su yi abin da suka ga dama a ɓoye.

Ga waɗanda abin ya shafa, dokar Ingila ta ba da kwana 42 a yi wa jariri rajista, wato akwai sauran mako biyar bayan ranar suna da za a iya zama a fahimci juna. Ko an riga an rubuta, ana iya komawa ofishin rajista a sauya ko a ƙara sunan farko cikin wata 12 daga ranar rajistar, a biya ɗan kuɗi. Kuma babu dokar da ta hana a rubuta sunaye biyu.

Hanyar da 'yar uwarmu ta bi ke nan, ta sa wa 'yarta sunan mahaifiyar mijinta a matsayin sunan yanka, Noa ya biyo baya a tsakiya. Shi ma abokinmu bai je ranar Talatar ba. Gwaggonsa ce ta shiga tsakani ta waya daga Zariya, aka ɗaga tafiyar da mako biyu, ranar da za a je Alhaji da kansa ya sa babbar riga ya bi su a bas har ofishin, ya tsaya a bayan ɗansa yana leƙen kwamfutar ma'aikaciyar har ya ga an rubuta Nuhu a gaba, Noah a bayansa.

Yaron yanzu ya fara rarrafe. Mun je gidan kwanan baya muka tarar da Alhaji ya ɗora shi a cinya yana ce masa Baba, domin ba zai iya kama sunan mahaifinsa ba. Hajiya ma ba ta faɗin sunan surukinta, Mai Jirgi take ce masa. Uwar yaron da sauran mutanen gida kuwa Abba suke kiransa, kuma da shi yake waiwayowa.